Jawabi Kan Tayar Babur Da Hanyoyin Unguwanninmu

Wannan shi ne jawabin da kwamitin jin daɗin 'yan ƙungiya ya gabatar a taron wata-wata. Mun buga shi ne saboda 'yan uwan da ba su samu halarta ba.

Maganar da aka ɗora mana yau maganar taya ce. Wani zai ce, a rasa abin da za a tara mutane a kai sai taya? To a yi mana haƙuri a saurara. Kusan babu gidan da ba ya cin abinci da babur a cikinmu, ko mai gida ne ke tuƙawa, ko ɗa, ko ƙane, ko kuma an saya an ba wani yana kawo balas. Wanda ma ba shi da shi, ai iyalinsa na hawa.

Kowa ya san tun ranar 1 ga Oktoba, 2006, lokacin Malam Nasiru el-Rufa'i yana ministan Abuja, aka hana acaɓa a cikin birni. Shimfiɗaɗɗun titunan Maitama da Asokoro da Wuse da Garki ba namu ba ne. Abin da aka bar mana shi ne lungunan Nyanya da Karu da Kubwa, da Gwagwa da Karmo da Dei-Dei da Zuba, da hawan Mpape, da cikin Lugbe. A irin waɗannan wurare, a ɗauka ɗaya sai ka taka kwalta, ka sauka burji, ka ratsa jar ƙasa, ka bi ta kan ruwan kwata, ka sake hawa kwalta da laka a jikin tayarka. Shi ya sa idan aka tambaye mu wace taya ce ta fi kyau, sai mu ce wa mai tambaya, kai a ina kake aiki?

Ku dubi babur yana tsaye. Inda taya take taɓa ƙasa bai fi tafin hannun yaro ba, ɗaya a gaba ɗaya a baya. Birki da kwana da gudu, da kai da fasinjanka, duk a kan 'yan wuraren nan biyu kuke. Abu uku muke nema wurin taya: ta kama ƙasa, ta bi umarnin hannu idan an karya kwana, kuma ta daɗe ba ta suɗe ba. Matsalar ita ce na farko da na ƙarshe ba sa ga maciji da juna. Roba mai laushi tana manne wa titi, ko da ruwa, amma titi yana cinta da wuri. Roba mai tauri tana shekara tana aiki, amma ranar da aka yi yayyafi za ta nuna maka halinta. Duk mai shagon da ya ce maka tayarsa ta haɗa duka biyun kuma ita ce mafi araha, ciniki yake yi.

Ga ra'ayinmu, kuma mun tsaya a kansa: a gaba a sa mai kamun ƙasa, a baya a nemi mai ƙarko. Dalili kuwa, da zarar ka taka birki nauyi gaba yake tafiya, tayar gaba ce ke aikin tsayarwa. Idan baya ta zame, gwani yana iya gyara zama ya tare ta da ƙafa ko ya sassauta birki ta dawo. Idan gaba ta zame, wallahi babu gwaninta, kafin ka ce me sai dai ka ji ka a ƙasa. Amma me muke gani? Mutum ya sayi sabuwa ya sa a baya saboda ita ce ke saurin cinyewa, ya bar ta gaba shekara da shekaru, wai ai har yanzu da sauran zane. Zanen yana nan, amma robar ta bushe ta zama kamar ƙashi. Ka danna mata farce ka gani. Taya mai rai tana karɓar farce ta dawo, wadda ta mutu ko gezau.

Sai maganar zane. Akwai mai dogayen layuka da suka zagaye ta, wannan ta gaba ce, tana riƙe hanya ɗoɗar kuma tana da sauƙin juyi. Akwai mai manyan haƙora irin ta shiga gona. Akwai kuma mai ƙananan zane ta kwalta, wadda yawancinta roba ce a shafe. Mai manyan haƙora, a lakar Gwagwa ko Karmo cikin watan Agusta, ba ta da na biyu, domin haƙoran suna nutsewa su kama, kuma tana watsar da lakar tana tafiya. Amma ka hau da ita kwalta, sai ƙugi da karkarwa har cikin kafaɗa, robar da ke taɓa titi kaɗan ce, haƙoran kuma suna cinyewa a karkace. A jiƙaƙƙiyar kwalta kuwa kada ka kwanta da ita a kwana. Ta kwalta ita kuma shiru take tafiya, ga daɗin kwana, ba ta wahalar da inji, amma da ta shiga taɓo sai zanen ya cika ya toshe, ta koma tamkar suɗaɗɗiya. Mutanen Mpape suna da tasu jarabawar daban, tsakuwar da tifofi ke zubarwa daga wuraren fasa dutse, ga gangara. Tsakuwa a kan kwalta ba ta san tsada ko araha ba, maganinta rage gudu tun daga sama. Yawancinmu dai abin da ya dace da mu shi ne 'yar tsaka-tsaki, mai matsakaitan haƙora da ke kusa da juna a tsakiya, masu ɗan tazara a gefe. Kuma a duba kibiyar da ke jikin taya lokacin ɗaurawa, an zana ta ne don a san inda za ta fuskanta.

Yanzu a zo ga rubutun da ke gefen taya, wanda da yawanmu ba ma karantawa. Idan ka ga 3.00-17, lambar farko faɗin taya ne da inci, ta biyun kuma girman rim. Boxer ɗin Bajaj da ya cika unguwanninmu rim 17 yake amfani da shi, tsohon Jincheng irin na da kuwa 18 ne. Samari suna son cusa ƙatuwar taya a baya don ado. Idan faɗinta ya fi ƙarfin rim, matse ta ake yi, ta yi ƙozo a tsakiya, wurin taɓa ƙasa ya ragu maimakon ya ƙaru, kan babur ya yi nauyi, ga ƙarin shan mai. Za ku ga kuma an rubuta 4PR ko 6PR ko 8PR. Wannan ƙarfin jikin taya ne. Mai babbar lamba ta fi ɗaukar kaya da jure dutse, ita ta dace da baya. A gaba kuwa idan ta cika tauri tsalle take yi a kan gargada. Akwai wata lamba da harafi, misali 50P. Wannan 50 ɗin ma'anarsa iyakar abin da tayar za ta ɗauka kilo 190 ne. To mu yi lissafi a nan. Babur kansa ya haura kilo 100. Sa direba da fasinja biyu, kowa kilo 70, ka ɗora buhun shinkafa mai kilo 50. An kai kilo 360. Idan kashi biyu cikin uku ya sauka a baya, kilo 240 ke nan a kan tayar da aka yi don 190. Idan ta fashe a gangara sai mu ce tsautsayi.

Wata lambar da muke roƙo kowa ya koya ita ce ta ranar haihuwar taya. Lambobi huɗu ne a cikin ɗan zagaye. Biyun farko sati ne, biyun ƙarshe shekara. Idan ka ga 2322, an yi ta a sati na 23 na shekarar 2022. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta sha faɗa cewa taya tana tashi aiki bayan shekara huɗu daga ranar da aka yi ta, ko an hau ko ba a hau ba. Roba tana tsufa a rataye, balle wadda ta sha ranar Abuja a bakin shago. Saboda haka sabuwa a leda ba lalle sabuwa ce ba.

Abin takaici, ƙasar da ake tatsar roba a Edo da Delta da Kuros Riba, Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya bi bayansa a Ikeja a 2008. Taya ta zama kayan jirgin ruwa, farashinta na bin dala. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, naira kuma ta faɗi, kowa ya ji a jikinsa, shi ya sa ake rububin ta hannu. Tsofaffin tayoyi suna cikin kayan da kwastan ta haramta shigowa da su, amma ga su nan a kasuwa. Mafi muni ita ce wadda ta suɗe aka sake yanka mata zane da wuƙa ko ƙarfe mai zafi, aka shafa mata baƙi ta yi sheƙi. Wannan ba taya ba ce, likkafani ne. Ka duba cikin zanen, idan ka ga layin bai daidaita ba ko zare ya leƙo, ajiye musu kayansu.

Game da suna, akwai na Indiya irin su MRF da CEAT da TVS, akwai na Taiwan irin su CST da Kenda da Duro, sannan ga na Sin masu sunaye barkatai, ciki da mai kyau da marar kyau. Ba za mu tsaya nan mu yi wa wani kamfani talla ba, kuma suna kaɗai ba ya isa tunda ana buga jabu. Ka ɗaga ta ka ji nauyinta, ka duba ko rubutun ya fita tas, ka sayi kaya wurin wanda gobe za ka same shi a shagonsa. Sannan ka rubuta ranar da ka ɗaura. A misali kawai, ta N10,000 da ta yi wata uku ta ci maka sama da N3,300 a wata, ta N15,000 da ta yi wata shida N2,500 ta ci. Ba a ma sa kuɗin faci da yinin da aka rasa ana tura babur ba. Araha dai ba ta ado.

Iska kuma ita ce abin da muka fi wasa da shi. Mai faci ya buga, ya danna da yatsa ko ya ƙwanƙwasa da sifana, ya ce ta yi. Yatsa ba geji ba ne. Ƙananan babura irin namu galibi gaba tana son kamar 25, baya 28, idan da fasinja 32, amma kowa ya duba abin da aka rubuta a littafin babur ɗinsa. A auna da safe kafin taya ta yi zafi. Idan iska ta yi yawa, tsakiya ce ke cinyewa, babur ya riƙa tsalle, birki ya ƙi kamawa. Idan ta yi kaɗan, gefe da gefe ne ke tafiya, taya ta yi zafi, kan babur ya riƙa lilo a kwana, rami ɗaya ya sa rim ya tsinke tiyub, ga mai yana zurarewa a wannan tsadar. Masu rim ɗin zubi suna iya sa tubles, kuma tana da fa'ida babba: ƙusa ta shiga, iska a hankali take fita, har ka samu ka tsaya. Mai tiyub kuwa lokaci guda take sacewa. Sai dai tubles ba ta son rim da ya lanƙwashe, ramukanmu kuma ba sa barin rim lafiya. Tiyub ɗin da faci ya hau kan faci a canza shi. Taya da ta tsage a gefe ba ta da gyara, ko da mai faci ya rantse.

A kula da lokaci biyu. Sabuwar taya tana da santsi a kwanakin farko, a bi ta sannu har ta goge. Sai ruwan farko na watan Afrilu, wanda ke taso da ƙurar rani da baƙin man da ya kwanta a titi, kwalta ta zama kamar an zuba kuɓewa.

'Yan uwa, mu baƙi ne a nan ta wata fuskar, ko da an haifi 'ya'yanmu a Kubwa. Ba mu manta da abin da ya faru a kasuwar Dei-Dei a watan Mayun 2022 ba. Haɗari ɗaya na babur, wata mata fasinja ta rasu, kafin yamma an yi asarar rayuka, an ƙona shaguna da katako, minista Muhammad Musa Bello ya rufe kasuwar. Mutanen da ba su taɓa hawa babur ɗin ba su ne suka kwana da yunwa. Idan ɗan acaɓa ya faɗi da fasinja a garin nan, ba sunansa ake kira ba, sunanmu gaba ɗaya ake kira. Su ma masu ba da babur haya muna da magana da su: balas ɗin da ba ya barin yaro ya sayi taya, ku ne kuka zaɓa masa suɗaɗɗiya. Ku cire kuɗin taya daga naku ɓangaren, ko ku raba.

Kwamiti ya sayi geji guda biyu, za a ajiye su a ofishin ƙungiya, awo kyauta ne kowace safiya. Ranar Asabar bayan sallar La'asar kowa ya kawo babur ɗinsa, za mu karanta masa shekarar tayoyinsa, gaba da baya. Masu son a haɗa kuɗi a saro kai tsaye daga dila su ba ma'aji sunayensu da lambar tayarsu kafin a tashi.