Tebur Goma Sha Biyu a Ɗaki Guda



Duk wanda ya taɓa leƙa ɗakin malamai na wata sakandare a yankin Mubi da hantsi ya san yadda abin yake. Tebur goma sha biyu a jere, fanka guda tana juyawa in an kawo wuta. Malamin lissafi ya tara takardun jarrabawa yana maki, ya kai tsakiyar amsa ta huɗu, sai musun ƙwallo ya ɓarke a bayansa. Mai sayar da atamfa bashi ta shigo karɓar kuɗin ƙarshen wata. Wayar wani ta yi ƙara, ya ɗauka yana cinikin buhun masara. Malam ya ɗago, ya sunkuya, ya nemi inda ya tsaya ya rasa, ya koma farko.

A nan rashin ɗakuna ne ya haɗa mutane wuri ɗaya. A ƙasashen Turawa kuwa da gangan aka yi, har da kirari. A 1906 aka kammala ginin kamfanin sabulu na Larkin a birnin Buffalo na Amurka, wanda Frank Lloyd Wright ya zana, inda aka jera akawuna a babban fili ba bango a tsakaninsu. A ƙarshen shekarun 1950 wasu 'yan'uwa biyu a Jamus, Eberhard da Wolfgang Schnelle, suka ce a watsa tebura a raba su da tukwanen furanni, don magana ta gudana tsakanin babba da ƙarami. A 1968 Robert Propst na kamfanin Herman Miller ya fito da gajerun allunan raba wuri, waɗanda kamfanoni suka matse su suka zama kamar akurkin kaji, abin da shi kansa ya koka a kai kafin rasuwarsa. Facebook ya kai abin ƙurewa a 2015, da ya buɗe gini a Kalifoniya mai ɗaukar ma'aikata kusan 2,800 a fili guda.

Hujjar da ake bayarwa kullum ita ce haɗin kai: a rushe bango, mutane za su riƙa tattaunawa. Hujjar da ba a cika faɗa ba ita ce kuɗin haya, domin mutum goma a fili ɗaya ba su cin wurin da ɗakuna goma za su ci.

An gwada hujjar farko. Ethan Bernstein da Stephen Turban na Jami'ar Harvard sun bi manyan kamfanoni biyu da suka koma buɗaɗɗen ofis, suka rataya wa ma'aikata wata na'ura a wuya mai auna wa ya yi magana da wa, kafin a rushe bango da kuma bayan an rushe. Sakamakon ya fito a 2018: magana ido da ido ta ragu da kusan kashi 70 cikin ɗari, saƙon imel kuwa ya ƙaru. Da mutum ya ga idanu sun yi masa yawa, sai ya toshe kunne ya duƙufa kan kwamfuta, ya aika wa wanda ke gefensa saƙo. Tun a 2013 Jungsoo Kim da Richard de Dear na Jami'ar Sidni sun tace amsoshin ma'aikata sama da 40,000 a gine-gine fiye da 300, suka tarar babban kukan masu zaman fili shi ne suna jin maganar kowa, kowa kuma yana jin tasu.

Wannan batu na jin magana ya fi shafar mutumin Mubi. Masana sun daɗe da gano cewa ƙarar janareta ko ta fanka ba ta kai maganar da kunne ke fahimta ɗauke hankali ba, domin ƙwaƙwalwa tana bin ma'ana ko mai ita bai so ba. To, ma'aikaci a wannan yanki sau da yawa yana jin Hausa da Fulatanci da Turanci, ga harshen gida, ko Fali ko Gude ko Margi ko Kamwe. Baƙon da bai iya ko ɗaya ba zai zauna a tsakiyar hirar ya gama aikinsa lafiya. Ɗan gari kuwa, duk kusurwar da aka buɗe baki, da shi ake.

Amma asarar da ta fi zafi tana kan mai zuwa da buƙata. A ɗauki matar da mijinta ya rasu yana aikin gwamnati, ta zo bin kuɗin sallamarsa. Ta tsaya gaban akawu, mutum takwas na saurare, cikinsu har da maƙwabcin ƙanin mijin. Dole ta faɗi yawan 'ya'ya, da na kishiya, da wanda ya riƙe takardun ya hana. Sai ta yi ƙasa da murya, ta haɗiye rabin zancen, kuma sau da yawa rabin da ta haɗiye shi ne wanda zai warware matsalar. Haka ɗalibar da ke da damuwa a gida za ta zo ƙofar ɗakin malamai, ta ga taro, ta ce alli aka aiko ta ɗauka. Garin da kowa ya san kowa, kamar Vimtim ta yankin Mubi, abin da aka faɗa a ofis da safe kan riga mai shi isa gida.

Ga kuma ciwo. Wani bincike a Denmak a 2011 ya nuna cewa masu zama sama da mutum shida a fili guda sun fi masu ɗakin kansu yawan kwanakin hutun rashin lafiya da kashi 62 cikin ɗari. A watan Maris na 2020, a wata cibiyar amsa waya a birnin Seoul, mutum 94 cikin 216 da ke hawa na 11 suka kamu da korona. Wanda ya ga yadda mura ke zagaye ofis lokacin hunturu, an rufe tagogi saboda ƙura, ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Magina na ƙasar Hausa sun warware matsalar rashin wurin keɓewa tuntuni da laka da azara. Zaure na kowa ne, a nan ake hira da ciniki da karɓar baƙi. Wanda ya fi kusa a shigar da shi soro na biyu. Maganar da ta shafi mutunci kuwa tana da ɗakinta can ciki. Ko a fada, inda ake zaman jama'a, sarki yana da inda yake keɓewa da mutum biyu ko uku. Zaman tare yana da amfaninsa, sabon malami yakan koyi aiki ta kallon tsoho, amma ba a taɓa gina gida zaure zalla ba.

Lokacin da Boko Haram ta mamaye Mubi da Vimtim a ƙarshen Oktoban 2014, kafin a fatattake ta a Nuwamba, makarantu da ofisoshi da wuraren ibada sun sha ɓarna, kuma tun daga lokacin ake gyara da sabon gini. Kowane zane da aka kawo yana yanke hukunci kan yadda mutane za su yi aiki shekara talatin. Abin da ake buƙata bai fi ƙarfin aljihu ba: kusa da kowane babban ɗaki a fitar da ƙarami guda mai ƙofa, tebur ɗaya da kujeru biyu, wanda kowane ma'aikaci zai iya shiga da baƙonsa ko da takardunsa. A sa akawun kuɗi da mai karɓar koke nesa da bakin ƙofa. A ware sa'o'i biyu da safe ba talla ba amsa waya a ciki. Kuma kafin a haƙa harsashi a nuna wa malamai da akawuna da ma'aikatan jinya zanen, domin a galibin waɗanda ake kawowa yanzu, ɗakuna biyu ne kawai ke da ƙofar rufewa: na shugaba, da na ajiyar kaya.