Wa Zai Tsawata Wa Sarki?

Ya ku jama'ar Nasarawa, da kai mai karatu wanda takardan nan za ta iske a Argungu ko wani gari na bakin gulbi. Ku ba ni aron hankalinku, gama na zo da tambaya guda. Idan talaka ya yi laifi dogari ya kama shi, alƙali ya hukunta shi. To, idan sarki ne ya yi laifin fa, wa zai tsawata masa?

Bari mu fara da nesa, sa'an nan mu komo gida. A zamanin da, waɗansu sarakunan Turai su kan ce Allah ne ya naɗa su, saboda haka ba mai tambayarsu sai Shi. Ana nan sai aka sami masana da suka ɗauki al'adar gwada kowane abu da hankali da awo. A shekarar 1687 wani Baturen Ingila, Niyuton, ya nuna da lissafi cewa ƙarfin da ke jawo dutse ƙasa shi ne ke riƙe da wata bisa hanyarsa. Masu tunani suka ce, ashe wata ma yana da dokar da ya ke bi, balle ɗan Adam mai rawani.

A 1688 mutanen Ingila suka kori sarkinsu Jemis na Biyu. Shekara na kewayowa littafin Jon Lok ya fito. Ya ce kowane mutum yana da hakkin ransa da 'yancinsa da dukiyarsa, don tsaron waɗannan ne mutane suka yarda a mulke su. Watau sarauta amana ce, in mai riƙonta ya ci, masu ita suna da ikon karɓe abinsu. A 1748 kuma wani alƙalin Faransa, Montaskiyo, ya kawo dabara. Ya ce kada a tara iko a hannu ɗaya: masu yin doka daban, masu zartar da ita daban, alƙalai daban, kowa ya zama takunkumin ɗan'uwansa.

Yanzu mu komo gida, gama tambayan nan ba Turawa kaɗai ta dama ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya rubuta wani ɗan littafi, Kitabul Farƙi, inda ya lissafa abubuwan da ya zargi sarakunan zamaninsa da su. Ya ambace su da sunayensu na Hausa: jangali, kuɗin gari, kuɗin salla, gaisuwa, da kamuwa, watau ƙwace dabbar mutum a ɗora mata kayan sarki ba biya. Ya kuma kafa mulki bisa ginshiƙai biyar. Na farinsu, kada a ba da sarauta ga mai nemanta. Na biyu shawara.

Amma wanda tambayar ta fi ci wa rai shi ne ƙanensa, Malam Abdullahi na Gwandu. Shi ne ya jagoranci rundunar da ta ci Birnin Kabi a 1805, har Sarkin Kabi Muhammadu Hodi ya fita. Ku lura fa, mutumin da za mu yi zancensa ya san daɗin nasara, ba malamin zaure ba ne kurum.

Wajen 1807, ana kan hanyar yaƙin Alƙalawa, sai ya dubi jama'arsa ya ga abin da bai so ba. Abokan da suka fara tafiyar da su don Allah da yawa sun ƙare a fagen fama. Waɗanda suka rage kuwa, ga su nan sun shiga neman muƙami da dawaki da tufafi masu tsada da ƙwaraƙwarai. Ya ga an kori zalunci ta ƙofa yana neman komowa ta taga. Sai ya bar rundunar da 'yan mutane kaɗan, ya nufi gabas da niyyar zuwa Makka.

Da ya isa Kano mutanen garin suka tsai da shi, suka roƙe shi ya rubuta musu yadda a ke mulki bisa shari'a. Ya rubuta musu Liya'ul Hukkami, ya kuma karantar da su tafsiri. A cikin littafin ya ɗebo daga nasihar da Shehu Magili ya yi wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa shekaru ɗari uku kafin nan, musamman gargaɗin kada sarki ya ɓuya wa talakawansa. Ra'ayin Malam Abdullahi shi ne, malamai da manyan jama'a su za su zaɓi shugaba saboda iliminsa da adalcinsa. Baitulmali ba aljihunsa ba ne. Shari'a tana bisa kansa yadda ta ke bisa kan mai tallan itace. Mulkin da aka samu da ƙarfi ko da gado kurum, a wurinsa sarautar duniya ce irin wadda suka yi hijira don gudunta. Har da wansa Shehu sun saɓa a rubuce a kan kiɗan tambura da adon sarakuna, Shehu yana sassautawa, shi yana tsanantawa, kowa da hujjarsa, ba wanda ya zagi wani.

Ba mu da wata shaida cewa ya taɓa jin sunan Lok. Tushensu ma daban ne, ɗaya ya dogara ga hankali da yardar mutane, ɗaya ga Alƙur'ani da sunna da littattafan Malikiyya. Duk da haka sun haɗu a kan cewa sarki bawan doka ne. Sun kuma haɗu a wani wuri marar daɗi, ba kuwa zan ɓoye muku ba. Lok da ke zancen 'yanci yana da hannun jari a kamfanin da ke sayen bayi a gaɓar Afirka. Daular da Malam Abdullahi ya taimaka aka kafa ita ma da bayi ta yi noma. Kabawa kuma ba su karɓi mulkin da aka ɗora musu ba. A 1849 Yakubu Nabame ya tayar da tutarsu a Argungu, aka yi ta gwabzawa, in ban da 'yan shekarun Lafiyar Toga, har zuwan Turawa.

A ganina, inda Montaskiyo ya fi shi ne ya yi wa mugun sarki tanadi. Malam Abdullahi ya dogara ga tsoron Allah na shugaba da nasihar malamai. To, in shugaba ya toshe kunne fa? Shi kansa da ya ga ɓarna, abin da ya iya shi ne ya yi fushi ya tafi, ya ɗauki alƙalami. Ya komo daga Kano, aka ci Alƙalawa a 1808. Jangalin da Shehu ya zarga kuwa bai mutu ba, Turawa suka iske shi suka ci gaba da karɓa.

A 1817 Shehu ya rasu a Sakkwato. Malam Abdullahi ya hau daga Boɗinga, ya iske an rufe ƙofar gari, an riga an yi wa Muhammadu Bello mubaya'a. Bai ja daga ba, ya juya ya tafi Gwandu. Bayan 'yan shekaru, da tawayen Kalambaina ya matsa masa, Bello ya kawo masa gudunmawa, suka sadu suka shirya, baffa ya yi wa ɗan wansa mubaya'a. Ya rasu a Gwandu a 1829. Ɗansa Muhammadu ya gaje shi, bayansa Halilu, shi ma ɗansa. A zamanin Turawa aka mai da fadar nan Birnin Kabi, sunansa kuma ta ke amsawa.