WUTAR INJIN JIRGI MAI ZUWA TANA ƊAUKEWA

 

Da yawa cikin samarinmu suna aikin jirgi a kogin Kwara, daga Ayoru har Gaya, kuma da kuɗin gida anka sai masu injin. Shi ya sa shugaba ya ce in yi magana bisa ciwon da ya fi wahal da tsohon inji: wuta ta zo, ta ɗauke, ta koma zuwa.

Ni kaina ta taɓa ci na. Lokacin cikar ruwa ne, mun taso da buhunan albasa da mata shida, inji ya mutu tsakiyar kogi. Da filafili munka kai gaɓa. Da ya huce, ja ɗaya ya tashi. Na sayi buji, na sayi bobin, kuɗin wata guda sunka tahi. Ashe wayar kashe inji ce ta goge tana taɓa ƙarfe.

To, ga abin da na koya. Kafin ka kwance komi, ka lura da lokacin da wutar ke ɗaukewa.

In sai inji ya yi zafi yake mutuwa, ya huce ya tashi, a tuhumi bobin ko kondansater. Tsohuwar bobin tana tsagewa, zafi ya buɗe tsagar.

In da safe ne cikin raɓa, ko in ruwa ya fantsamo, a dubi babbar wayar buji da hularta. Ka ta da inji da dare, ka ɗebe murfi: in roba ta tsage, za ka ga wuta tana tsalle bisa ƙarfe.

In kuwa sai an ƙara gudu, jirgi na girgiza, to wata waya ce ta saki, ko ƙusar mas ta yi tsatsa.

Gwaji kuma a yi shi lokacin da injin ya mutu, tun da zafinsa. In an bari ya huce, ciwon ya ɓuya. Ka sa giya a sake, ka nisanta tankin isansi. Ka kwance buji, ka maida hularta, ka dafa gindinta ga ƙarfen inji da busasshen icce, wani ya ja igiya. Wuta shuɗiya mai ƙara ita ce ta kirki. Ja-ja mai rauni tana iya bayyana a waje, amma ta kasa cikin inji.

A fara da mai araha. Na ɗaya, buji: in ta yi baƙi da maiƙo, wataƙila mai ya yi yawa cikin gauraya. Injuna da yawa lita 1 ta mai ga lita 50 ta isansi suke so, waɗansu tsofaffi 1 ga 25. Kowa ya bi na injinsa. Na biyu, ka cire wayar kashe inji. In wuta ta komo ta zauna, ka kama ɓarawo. Na uku, ka kankare tsatsar mas, ka ɗaure. Na huɗu, in injin mai buji biyu ne, ka musanya su: in ciwon ya bi buji, ita ce, in ya tsaya wuri ɗaya, sai a koma ga waya da bobin.

Bayan wannan sai ƙarƙashin bolan, wato faifan da igiya ke juyawa. Nan filatin da kondansater suke a tsofaffin injuna. Sababbi akwatin CDI gare su, wanda ba a gyarawa, sai sakewa. Bolan yana da abin cirewa nasa. Wanda ya buge shi da guduma zai kashe kuɗi biyu. A kai ma makaniki.

Abu ɗaya ɗaya za a riƙa sakewa, a gwada, kana a wuce gaba.

Iyayenmu, roƙona gare ku: in yaro ya aiko cewa inji na yanke wuta, kada a matsa masa da zancen kuɗin mako. A bar shi ya gyara tukuna. Ku kuma samari, kada jirgi ya bar gaɓa babu buji biyu, da makullinsu, da filafili.

Mai tambaya ya same ni bayan taro.