Ɓarawon mega yana cikin ɗaka



Wa ya taɓa sayen forfe na jikka guda da safe, ya haɗa kwamfutar gida da wayarsa, kafin azahar saƙo ya shigo wai mega ta ƙare? Na ga hannuwa da yawa. Ga na'urar tana jan ƙafa, ko shafi biyu ba ka buɗe ba. Sai mu hau zagin rezo. Wani lokacin da gaskiyarmu, amma sau da yawa ɓarawon yana cikin ɗaka.

Windows in ya ga Wi-Fi, yakan ɗauka intanet ne marar iyaka. Sai ya shiga sauko da sabuntawa, OneDrive kuma ya riƙa tura hotunanka, duk ba ka gani. Ɗalibar Jami'ar Abdou Moumouni da ta rage kuɗin abincinta don ta aika aikinta, ita ke biyan wannan.

To, yau da dare ku yi abu biyu. Ku shiga Paramètres, sannan Réseau et Internet, ku zaɓi Wi-Fi ɗin wayarku, ku kunna Connexion limitée. Na biyu, ku danna Ctrl, Shift da Échap tare, ku duba manhajar da ke jan rezo, ku rufe wadda ba ku buƙata.

In kun gyara wannan, mega ta ci gaba da ɓacewa, ku ɗauki hoton shaida, mu tara, mu kai ARCEP. Kuka da hujja ya fi wuyar turewa.