Lissafin da ke Bayan Madubin Likita

Ruwan madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, shi ke shayar da gonakin shinkafa da tumatir na Kura da Bunkure, amma magudanansa sun zama matattarar katantanwar da ke yaɗa tsargiya, cutar da ake tabbatarwa idan an ga ƙwan tsutsa a fitsari ƙarƙashin madubin likita. Hoton da madubin ke nunawa yana da iyaka, domin haske yakan bazu idan ya ratsa gilashi, sai kowane ɗigo ya koma tabo mai dishi-dishi. Ernst Abbe na Jamus ya lissafa iyakar a 1873: ɗigo biyu da tazararsu ta gaza kimanin nanomita 200 sukan haɗe su zama ɗaya. Ƙwan tsargiya ya ninka wannan sau ɗaruruwa, don haka ganinsa ba wuya.

Wahalar tana ga madubin leza mai bin saman ƙarfe ɗigo-ɗigo, wanda ke auna juyawar da alkiblar kaɗawar haske ke yi bayan ya daki maganaɗisu, abin da John Kerr ya gano a 1877. Juyawar yawanci ba ta kai digiri ɗaya ba, kuma ana iya tsame bazuwar hasken daga hoton da lissafi.