Binciken Bert Vogelstein a Kan Sankarar Hanji, da Abin da Ya Shafe Mu a Ƙasar Kebbe



An ba ni dama in yi magana a kan wani masani guda wanda aikinsa ya amfani jama'a. Na zaɓi wani likita Ba'amurke mai suna Bert Vogelstein, na Jami'ar Johns Hopkins da ke birnin Baltimore, domin cutar da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kanta tana nan a garuruwanmu, sai dai mun laƙaba mata wani suna. Cutar ita ce sankarar babban hanji da dubura. Mu kuwa, da zarar mutum ya ga jini a bayan gidansa, sai mu ce basir ne, a jiƙa masa sassaƙe.

A shekarar 1988 Vogelstein da abokan aikinsa suka buga sakamakon binciken da suka yi a kan tsiron hanji guda 172, wasu ƙanana marasa lahani, wasu kuwa sun riga sun zama sankara. Suka duba ƙwayoyin gadon da ke cikinsu, watau umarnin da ke rubuce cikin kowace ƙwayar jiki, wanda ke gaya mata lokacin hayayyafa da lokacin tsayawa. Sai suka ga ashe cutar ba dare ɗaya take faɗowa ba, hawa-hawa take yi. Da fari ƙwayar gado mai suna APC ta lalace, ɗan tsiro ya fito a bangon hanji. Sa'an nan wata mai suna KRAS ta sauya, tsiron ya girma. Daga baya p53, wadda ke tsare ƙwayar jiki daga ɓarna, ita ma ta faɗi, sai tsiron ya rikiɗe ya zama sankara. A 1990 shi da Eric Fearon suka tsara wannan bayani, a 1991 kuma aka gano ita APC ɗin kanta, da hannunsa a ciki.

To, jama'a, abin lura a nan shi ne lokaci. Tsakanin fitowar tsiro da zamansa sankara akan yi shekara goma, sau da yawa ma fiye. Duk tsawon waɗannan shekaru likita na iya leƙa hanjin da na'ura, ya tsinke tsiron, maganar ta ƙare. Amma mutumin Kuchi ko na Kebbe yakan cinye su a kan maganin basir. Tambuwal kanta kusan kilomita 100 ce daga Sakkwato, balle ƙauyukan da ke bayanta, don haka ba a ɗaukar mara lafiya zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo sai ya rame, ko hanjin ya toshe.

Akwai kuma batun gado. Tun 1966 wani likita, Henry Lynch, ya ba da labarin wasu zuriyoyi a Amurka da cutar ke bin su kaka da jika, tana kama su tun kafin furfura. An daɗe ba a gaskata shi ba, sai a 1993 da aka gano ƙwayar gadon MSH2, kuma ɗakin binciken Vogelstein na cikin waɗanda suka gano ta. Aikinta gyara kuren da ake samu wajen kwafe umarnin nan in ƙwayar jiki za ta rabu biyu. Wanda ya gaji lalatacciya, kowane ɗa da zai haifa yana tsakanin gado da tsira, rabi da rabi. Kada kuma wani ya ɗora laifin a kan auren zumunci. Daga uwa kaɗai ko uba kaɗai ya isa.

Ko abin da aka gani a jikin Turawa haka yake a namu? Ba duka ba. A 2021 Farfesa Olusegun Alatise na Jami'ar Obafemi Awolowo, Ile-Ife, da abokansa na Najeriya da na New York suka kwatanta marasa lafiyarmu da na Amurka. Suka tarar namu sun fi ƙarancin shekaru, cutar ta fi kama su ta wajen dubura, lalacewar APC ba ta kai ta can yawa ba, amma irin sankarar da na'urar gyaran kure ta lalace a cikinta ta kusa ninka ta can. Irin wannan ce kuwa Amurka ta amince a 2017 a yi wa magani da pembrolizumab, mai zaburar da garkuwar jiki. Tsadarsa ta fi ƙarfin albashin ƙaramin ma'aikaci nesa ba kusa ba. Har wa yau, akasarin waɗanda aka auna mutanen Kudu maso Yamma ne, ba na ƙasar Hausa ba.

Mu mutane ne masu riƙon salsala. Tsohuwa a gidanmu za ta lissafo kakanni biyar ba gargada, amma in an tambaye ta me ya kashe wane, sai ta ce kwana ne ya ƙare. Gaskiya ne, amma likita na bukatar ƙarin bayani. In kun koma gida hutu, ku tambaya cikin ladabi: wa ya yi fama da zubar jini ta dubura, yana ɗan shekara nawa, kuma ɗan ɗakin wa ne? Ku haɗa da mata, domin gadon da Lynch ya bayyana yana kawo sankarar mahaifa. Wanda ya sami mutum biyu ko uku a jere, musamman in akwai wanda ta kama bai kai shekara 50 ba, ya rubuta sunayensu a takarda ya kai wa likitan fiɗa, ko da shi kansa lafiyarsa lau.