Ruwan Ma'aikatar Jima Ba Taki Ba Ne

Jama'a, manoman auduga, ku saurara. Waɗansunku masu garka a bakin gari suna ban ruwa da ruwan kwatar ma'aikatun jima da na rini, wai yana sa shuka ta yi kore shar. Gaskiya ne, da ɗan taki a cikinsa. To, amma ku ji sauran.

Da gishiri ake adana fata, kuma ma'aikatun zamani suna jima da wani magani wai shi kuromiyam. Duk cikin ruwan nan suke ƙarewa. A Kano, inda ruwan ma'aikatun Sharaɗa da Bompai yake gangarawa kogin Calawa da na Jakara, masu bincike sun sami kuromiyam a ƙasar lambuna, har cikin ganyen miya. Ba ya ruɓewa kamar takin shanu.

Ga auduga kuwa, gishirin ne mugun. Rana ta shanye ruwa, shi ya zauna. A hankali sai ku ga fari-fari bisa kunya, ƙasa ta yi ɓawo, ruwan sama ya kwanta ya ƙi shiga. Auduga in ta girma ta fi wake jure gishiri, amma tsiro ba ya iya fasa ɓawon nan, sai gona ta cika giɓi. Wadda ta tsira kuma takin ya yi mata yawa: ga ganye, ƙwallo kaɗan, ya makara wajen fashewa, tsutsa ta samu.

Filin da za ku sa auduga da damina, kada ruwan nan ya taɓa shi da rani. Wanda ya riga ya ga farin, ya kira malamin gona kafin shuka, a duba.